Da Sauƙi, In Ji Babanku

Dauda, Rifkatu, tun ranar da kuka bar mini shinkafar Kirsimeti ta huce a kan tebur nake juya maganar nan. Kai Dauda ka ce uwarku ta tafi cin duniya a jirgin attajirai ta bar miji da ciwo. Ke kuma Rifkatu kika ajiye cokali, kika ce ba sai an yi kewaye-kewaye ba, kowa ya san wadda aka bar wa amanar ƙafar, kika ɗauki rigar sanyinki kika fita. Ban ce muku komai ba, don na daɗe a aji, na san ba a gyara wa yaro jimla yana cikin kuka. To, babanku ya huta, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama. Bari in rubuta waccan shekarar yadda ta wakana, mai kaya ya ɗauki kayansa, wanda aka ɗora wa na wani ya sauke.

Kun dai tuna dokar gidanmu na Moss Side a Manchester. Ana iya fasa kofi, ana iya faɗuwa jarrabawa, amma ba a furta kalmar sa'a a gaban babanku Istifanus, dattijon ikkilisiya. Ranar da Dauda ya ci wata gasa a makaranta ya shigo yana cewa ya yi sa'a, sai da ya maimaita labarin daga farko da kalmar da ta dace.

"A gidan nan ba a sa'a," in ji babanku. "'Yan caca ke sa'a. Mu alheri ake yi mana."

Ni da na koyar da Hausa a Kafanchan kafin mu ƙetaro, na sha gaya masa kalmar ba ta yi laifin komai ba. Lokaci ma sa'a ne, wanda aka haife ku tare ma sa'arka ne, in za a kori kalma saboda 'yan caca sai a kori rabin ƙamus. Sai ya ce, Malama, ki bar nahawu a aji. Haka muka yi ta yi har gashinmu ya yi fari, ba wanda ya ci wani.

Shekarar da nake magana tana cikin shekarun nan da gwamnati ta ce za a tsuke bakin aljihu. Na lura aljihun da aka fara tsukewa shi ne wanda dama ba komai a ciki. Ina koyar da manya karatu a laburaren unguwa, matan Somaliya da tsofaffin Jamaika da wani Bature mai gyaran famfo da ya kai hamsin yana ɓoye cewa bai iya karanta sunan titi ba. Wata safiya aka tara mu, aka ba mu shayi da biskit, aka gode mana ƙwarai. A ƙasar nan in aka fara gode maka ƙwarai, ka nemi jakarka. Babanku kuwa ya riga ya bar aikin sito a Cheetham Hill, don ciwon suga ya taɓa masa ido, ya kuma kashe masa ji a tafin ƙafa. Ko ƙusa ya taka ba zai sani ba sai ya ga jini, jinin ma ba ya gani sosai. Saboda haka kowace yamma bayan tuwo nakan kawo roba da ruwan ɗumi, in wanke ƙafafun, in duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba rubutun ɗalibi, in shafa man kaɗanya. Yakan ce ko almajiran Yesu sau ɗaya aka yi musu, shi ga shi kullum. In ce su ba su da suga.

Na nemi aiki har na gaji da jin cewa na fi ƙarfin aikin. Na ƙarshe a Birmingham ne, a wata kwaleji. Suka yabe ni, suka raka ni har ƙofa. Na fito na hau bas ɗin da ba nawa ba, ina can ina bitar amsoshin da ya kamata in bayar, ban farga ba sai a wata unguwa da ake kira Small Heath. Ina sauka ruwa ya kece. Na faɗa shagon da ya fi kusa, shagon wanki ne, sai na ji wata mata tana zagin injin wanki da Hausa, zagi mai tsari, har da kakanninsa. Ita ce Hajiya Mariya da kuka sani, mutuniyar zangon Kumasi. Na yi sallama, ta amsa, ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kan rigata.

"Kai, wa ya goge maka rigar nan?"

Hausar Kumasi ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne. Malamar da ke cikina ta ɗaga jan biro, na ce mata ta zauna. Na ce ni na goge. Ta kama hannun rigar tana bin karin da yatsa. Na gaya mata a makarantar kwana ta mishan na koya, da dutsen guga na gawayi, a hannun wata matiron, mai kula da ɗakin kwananmu, wadda in ta ga kari biyu a inda ya kamata a ga ɗaya sai ta tsoma rigar a ruwa ta miƙo maka. Kafin ruwa ya ɗauke mun gano shekararmu ɗaya, mun sha shayi, ta kuma gaya mini ƙanenta Salisu kuku ne a wani katafaren jirgin shaƙatawa na wani attajiri, irin wanda suke kira yot. Mai yi musu guga ta koma ƙasarsu ba shiri, suna neman wadda ke da fasfon Ingila, da haƙuri, wadda kuma ba ta da burin ganin duniya. Hajiya ta ce rabona ne ya ɓatar da ni hanya. Digirina da takardun yabona suna cikin jaka, ba wanda ya tambaye su. Karin hannun riga aka ɗauka aiki.

Dauda, ga wurin da nake so ka karanta sau biyu. Da na dawo gida na ba babanku labarin ne don mu yi dariya, na ce wa zai duba ƙafar. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ba ya gani sosai amma yana ji, kuma ya ji ni jiya ina goge labulen da na goge shekaranjiya. Ya ce mace irina in ta zauna haka, ba yunwa ce za ta fara kashe ta ba.

"Ki tafi, Malama. Damina ɗaya ce. Ƙafar tawa ce, kuma ga Rifkatu."

Na ce masa a'a, na sake cewa a'a, ya ce zai kai ƙarata wurin fasto a kan rashin biyayya, abin da bai taɓa tunawa da shi ba tun aurenmu. Haya tana jiranmu, kai kana jami'a, Rifkatu tana shekarar ƙarshe kafin tata. Ba kuma zan ce muku an ja ni da igiya ba. Na so a sake jirana da safe a wani wuri, ko da tulin zannuwa ne ke jiran. Na zaunar da Rifkatu na nuna mata yadda ake duba yatsu. Ranar Lahadi matan zumunta suka kewaye ni a bakin coci, kowace ta leƙa ta ga dattijo ba ya kusa, sannan ta raɗa mini cewa na yi sa'a.

Sai da aka koya mini kashe gobara da faɗawa ruwa da rigar ceto, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Yaran da muka yi horon tare sa'o'in Dauda ne, suka yi mini tafi da na taso, kamar an ciro akuya daga rijiya. Daga nan sai jirgi. Hotunan da na aiko muku, farin jirgi da shuɗin ruwa, a ranar farko na ɗauke su daga bakin tasha, kuma kusan ganin ƙarshe ke nan da na yi masa daga waje. Ɗakin guga yana can ƙasa, ƙasa da inda ruwa ya tsaya a jikin jirgin. Ba taga. Akwai injuna, da tururi, da ƙugin da ke shiga haƙori. Na zaga manyan garuruwan Bahar Rum kaf, na san su ta irin tabon da suke bari: wannan gari jan giya, wancan man zaitun, wani kuma kwalliyar matan da ba a rubuta sunansu cikin baƙi ba. Zanin gado a kan gadon ake sake goge shi bayan an shimfiɗa, kana durƙushe, don kada attajiri ya kwanta a kan kari. In ka haɗu da baƙo a lungu, sai ka manne da bango ka zama bango. Mai jirgin ban taɓa ganin fuskarsa ba, wuyan rigarsa na sani, na kuma san mutum ne mai yawan gumi ko da sanyi. Da aka gaya wa Goggo Saratu a ƙauye cewa ina aikin guga a jirgin ruwa, sai ta aiko a tambaye ni ko yoyo jirgin yake, da har sai an ɗauko mace daga Ingila ta riƙa kwashe ruwa. Ban ga laifinta ba. Wasu ranakun nata fassarar ta fi kusa da gaskiya.

Ma'aikatan jirgi ba su da hira sai ta sa'a. Wane ya samu baƙi masu kyauta, wance ta faɗa hannun kyaftin mai mutunci, wani ya zame a bene ya karya ƙugu a makonsa na farko. Salisu, mutum mai sanyin hali da yake ajiye mini ƙanzon shinkafa don ya san ina so, yakan ce duk surutu ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ce masa to ni nawa rabon ya gangaro har ƙarƙashin teku ya same ni.

Dokar da ta fi ci mini rai ita ce ta waya. In akwai baƙi a jirgi, wayoyinmu suna kulle a wani akwati, sai ɗan lokacin da za a ba ka ka leƙa saƙo ka mayar. A tsakiyar lokacin zafi kuwa baƙi ba sa yankewa, waɗannan na sauka waɗancan na hawa. Babanku ba ya ganin rubutun waya, don haka Rifkatu ce bakinsa. Saƙonta kullum da Turanci yake zuwa, gajere: ta tambayi Baba ƙafa, ya ce ba matsala. Nakan karanta, in gode wa Allah, in koma tururi.

Sai wata iska ta taso, irin wadda ke hana manyan jirage fita. Muka maƙale a wata tasha, baƙi suka gaji da amai suka koma otal, kyaftin ya buɗe akwatin waya. Da rana tsaka na kira gida. Rifkatu ta ɗauka, ta ce Baba yana barci. Mutumin da ke cewa barcin rana na malalata ne. Ban kawo komai a raina ba tukuna. Kewar Hausa ce ta dame ni, wata da watanni ba na jin ta sai ta Salisu mai kira na kai, ga kuma tsohuwar ɗabi'ar aji. Na ce mata ta daina yi mini Turanci, ta faɗa mini da bakin babanta abin da yake cewa in ta tambaye shi. Ta yi dariya, ta gyara murya tana kwaikwayonsa.

"Da sauƙi, 'yata. Da sauƙi."

Na tambaye ta tun yaushe yake faɗin haka. Ta ce ai ya daɗe, da can lafiya lau yake cewa, sai ya canza.

Ku da kuka girma a nan, sauƙi a wurinku shi ne na jarrabawar da ba ta yi wuya ba. Rifkatu ta ji kalma ta fassara ta daidai yadda ƙamus zai fassara. Amma mai lafiya ba ya cewa da sauƙi. Mai lafiya lafiya lau yake cewa. Da sauƙi amsar majinyaci ce, kuma ba ta da alaƙa da samun sauƙi. Da ita ake sallamar mai gaisuwa don kada a ɗora masa nauyi, da ita ake nuna ba a yi wa Allah ƙorafi ba. Uwata ta ce mini da sauƙi da safe, kafin azahar muna neman likkafani. Na ce wa Rifkatu yaushe rabon da ta ga ƙafar da idonta. Ta ce ba ya bari, kullum sai ya ce ya duba da kansa, ba ya tuɓe safa a gaban 'yarsa. Na ce ta tashe shi ta sa masa wayar a kunne.

"Baban Dauda, cire safar nan."

"Malama, ke da ke bakin aiki. Yaya teku?"

"Cire safar, yarinyar ta gani."

Ina jin ƙugin injin a ƙarƙashin ƙafata, ina jin numfashinsa a kunnena. Sai na ji Rifkatu ta ja iska ta haƙori, ta kira sunan Yesu a hankali. Na ce ta kashe wayar ta kira motar asibiti.

Kyaftin ya saurare ni da ladabi, ya ce in na sauka a tsakiyar aiki ba zai iya riƙe mini gurbi ba. Na ce ban roƙa ba. Na gama goge abin da ke kan tebur, don ba a yi mini tarbiyyar barin riga da hannu ɗaya a goge ba. Salisu ya ɗaukar mini jaka har bakin tasha, ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya cusa mini ƙanzo a leda. A ranar ce na ga tekun sosai, yana ta haukansa, ruwan toka, ba shuɗin hoto ba.

Abin da ya faru ƙarami ne. An soke bas ɗin Lahadi da ke bi ta wajen cocinmu, babanku ya koma tafiya da ƙafa don dattijo ba ya fashin sujada. Wani ɗan tsakuwa ya shiga takalminsa, ya yi ta tafiya a kansa bai sani ba. Ranar da aka ba shi ta ganin masu duba ƙafa an ɗaga ta, aka sake ɗagawa. Da ya fara jin wari da zazzaɓi ya gane, sai ya ƙara safa a kan safa. Na iso an riga an yanke, ƙasa da gwiwa.

Rifkatu, ke kina waje a kan benci ranar, kin ƙi shiga, don haka ba ki ji wannan ba. Na zauna a gefen gadon, na tambaye shi don me ya yi wa yarinya ƙarya. Ya ɓata rai, irin na dattijon da aka taɓa masa mutunci.

"Ban taɓa yi mata ƙarya ba. Na ce da sauƙi."

"Ka san ba za ta gane ba."

"Na sani. Da ke ce kika tambaya, da ban san abin da zan ce ba."

Kin ji. Mutum ne da ba ya iya ƙarya, kuma ba ya so in dawo in zauna ina goge labule. Sai ya lalubo kalma ɗaya a duk Hausa wadda gaskiya ce a kunnen Kafanchan, shiru ce a kunnen Manchester, ya ɓuya a bayanta. Ya auna ki ya auna kalmar, da saninsa. Ba ki yi sakaci ba, dattijo ne ya yi miki wayo, kuma ya yi wa waɗanda suka fi ki shekaru. Ya so ya gaya miki da kansa, kunya ta hana shi, ya ce in bari sai ba ya nan. Na bari, na kuma daɗe fiye da yadda ya kamata ina neman ranar da ta dace.

Muna cikin haka likitan da ya yi aikin ya shigo, saurayi mai fara'a da alamar bai yi barci ba. Ya duba ɗaurin, ya ce da an ƙara 'yan kwanaki dafin ya shiga jini, da ba ƙafa ake magana ba. Ya dafa kafaɗar babanku ya ce masa shi mutum ne mai sa'a ƙwarai. Da ya fita babanku ya juyo ya ce, me ya ce? Na ce ya ce alherin Allah ne.

"Malama, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Na ji Turanci."

Ya kai hannu ya shafa bargon, wurin da ya kwanta shafal inda da akwai tudu. Ya ce to, a bar wa yaron kalmarsa, ya yi aiki, ya gaji. Iyakar sassaucin da kalmar ta taɓa samu a wurinsa ke nan.

Na yi shekaru ina auna abin, na gaji. Da ruwa bai kece a Small Heath ba, da ban tafi ba, da na ga tsakuwar a daren da ta shiga. Da iska ba ta taso a teku ba, da ban kira ba, da an binne shi ina durƙushe a kan gadon attajiri. Ruwa ya kai ni, iska ta dawo da ni, ban aiki ko ɗaya ba. Hajiya Mariya, wadda na koma yi wa guga a shagonta bayan mun ƙaura zuwa Birmingham don samun gidan da ba bene, har yau rabo take cewa. Babanku ya tafi yana cewa alheri, kuma ya samu shekaru masu kyau a kan keken guragun nan, ya ga jikokinsa, ya ci gaba da gyara wa fasto wa'azi. Ƙafa ɗaya da ta rage na ci gaba da wanke ta kowace yamma, yana cewa aikina ya ragu da rabi amma ban rage mita ba. Ni ban zaɓi kalma ba. Na dai san ba cin duniya na je ba, Dauda, kuma ba amana aka ci ba, Rifkatu.

Ku zo da Ista, ku biyun, ku zo da yaran, ku bar su su ji Hausa ko da ba za su amsa ba. Kafin nan in kun kira kun tambaye ni yaya gwiwa, zan ce muku da sauƙi, don haka aka koya mini, ba zan iya canzawa yanzu ba. Kun dai san abin da ake yi in an ji ta.